Ministan Tsaro a Ƙofar Coci

"Ɗaga hannuwanka, ranka ya daɗe," in ji tsohon mai gadin cocin, yana miƙo na'urar bincike.

Ministan tsaro ya yi turus, masu tsaron lafiyarsa suka haɗe rai. Fasto ya matso da sauri yana raɗa: "Haba Baba! Wannan fa shi zai turo mana sojoji kowace Lahadi. Kada ka ɓata rawarka da tsalle."

"Kullum ina yi masa addu'a, Fasto, yadda Littafi ya ce a yi wa masu mulki. Amma ban ga inda ya ce kada a bincike su ba."

Baba ko gezau bai yi ba. Bara ma wani ya zo da ƙatuwar mota da kwat mai tsada, shi da kansa ya sara masa, ya wangale ƙofa ba bincike. Ashe bam ne a motar. Mutum goma sha ɗaya aka binne, har da autar Baba mai jan waƙa a coci. A bakin kabarinta ya yi wa Ubangiji alkawari.

Layi ya tsaya cik. Can dai minista ya buɗe hannuwa. Na'urar ta yi tsuwwa a ƙirjinsa, ya zaro gicciyen zinariya yana murmushi.

Baba ya dubi gicciyen, ya dubi mutumin.

"Wannan kam shiga da shi. Sai dai ka tuna, Mai shi ba a wuya ya rataya ba, a kafaɗa ya ɗauka. Na gaba!"