Awarwaron Yumɓu

Shekarar da Nasara suka shata iyaka tsakaninmu da Daura, innata tana can wajen danginta. Wata la'asar na tarar da kakata tana ginin tukwane a gidanmu na Matameye, na tambaye ta ko Inna ta zama baƙuwa ke nan.

Ta mulmula yumɓu ta yi awarwaro, ta miƙo mini.

"Ja shi a hankali, 'yar nan. Murɗa shi."

Na ja, na murɗa, har ya daina kama da awarwaro.

"Leƙa. Kina ganina?"

Ta ƙofar da ke tsakiyarsa na hango idonta.

"To, muddin bai tsinke ba, ƙofar tana nan."

Yau duk sun rasu. Amma in na shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu, sai in ji ina son leƙawa.