Kibod Marar Ƙara

Madanni ɗaya ya rage. Ya ɓalle shi, ya shafa wa ɗan sufirin ɗinsa maiko da siririn burushi, ya mayar. Sati uku ke nan yana haɗa wannan kibod ɗin da hannunsa. Shi ya sa a ofis ake ce masa Injiniya, alhali rahoto kawai yake bugawa.

Ya shimfiɗa soso a ciki, ya ɗaure, ya danna. Shiru, kamar kyanwa na taka katifa. Har ƙwalla sai da ta taru masa.

"Yauwa, kunnena ya huta," in ji maƙwabcin teburinsa, wanda kullum yake mitar ƙara. "Tsohon fa, mai kukan injin niƙa?"

"Ɗauka, na bar maka."

"Tunda kyauta ne, kunne zai saba."

Daga ranar Injiniya yake zuba aiki ba mai jin motsinsa. Maƙwabcin kuwa wuni yake yana ragargazar madannai, yana hira da budurwarsa ta kwamfuta.

Ƙarshen wata manaja ya tara su kan kujerar mataimaki da Injiniya ya shekara yana hange.

"Ni ba na leƙa aikin kowa, kunne nake sawa," in ji manaja. Ya dafa kafaɗar maƙwabcin. "Wannan bawan Allah ko numfashi ba ya yi. Kai kuma Injiniya, wata guda ban ji ɗuriyarka ba. Lafiya dai ko?"

Injiniya ya koma teburinsa ya zauna. A gefensa tsohon kibod ɗinsa ya kama ruri. Ana yi wa budurwa albishir.