Kurangar Gidan Rifkatu

Tun da aka kafa dokar tumɓuke duk shukar da ta haura shekara talatin, na'ura ce ke ɗanɗana giyar kowane gida don gano shekarun kurangarsa.

Rifkatu ta miƙa wa jami'in da ya zo gwaji kwalbar giyarsu mai kumfa, ya ɗiga wa na'urar, ta yi ƙara.

"Mama, kurangar inabinku shekararta sittin. Gobe za a cire ta."

"Ranar sunana mahaifina ya dasa ta. Wannan ƙarfen banzan ya san daɗi?"

"Shekaru kawai take ji."

Rifkatu ta fizge kwalbar, kumfa ta zubo mata a hannu. Na'urar ta juyo wajen hannun, ta sake yin ƙara, ta nuna sittin. Jami'in ya sunkuyar da kai.

"Rubuta mana," in ji Rifkatu. "Gobe ku zo da diga biyu."