Mitar da Ke Ƙirga Iska

"Rufe famfon nan, Dada, iska kike saye," in ji ma'aikacin ruwan, yana nuna mata mitar da aka dasa bara. Allurarta na ta juyi, bokitin kuwa ya bushe ƙamas.

A Rumde kowa a buɗe yake barin famfo, don ruwan yakan zo ya ɗauke kafin a gama shan shayi. Ga gidanta cike da dangin mijinta da suka gudo daga Madagali.

"In na rufe, wa zai gaya mini ya zo? Ruwan naku sallama yake yi?"

"Ni dai karatun mita aka aiko ni. Ita ba ta bambance ruwa da iska."

Ta ɗora hannu a kan famfon, ta kasa murɗawa. Aka kira azahar. Tsohon surukinta ya dogaro sanda ya zo, ya kara kunne, ya ji huci kawai. Sai ya durƙusa ya buga tafukansa a ƙasa ya yi taimama, mitar na ta juyi a gefensa.