Kujera ta Goma Sha Biyu

Magatakardar kotu ta gauraya katunan sunaye, ta kira sunan tsohon direban bas. Da shi aka cika mutum goma sha biyun da za su ce wanda ake tuhuma mai laifi ne ko a'a.

Tun da wasiƙar kotu ta iso gidansa a unguwar Old Trafford 'yarsa ke cewa, "Baba, ba don furfurarka ba ne. Kwamfuta ce ta tsamo ka daga rajistar masu zaɓe." Bai kula ta ba. Shekara talatin yana tuƙi a Manchester, sai yau aka nemi jin ta bakinsa. Babbar riga ya sa.

Da ya zauna, ya ɗaga kai ya ga saurayin da ake tuhuma. Uwar yaron ta hango tsohon daga bencin 'yan kallo, fuskarta ta washe. Alƙali ya ce duk wanda ya san yaron ya faɗa. In tsohon ya yi shiru, zai iya taimakon ɗanta.

Aka miƙo masa Alƙur'ani. Ya dubi uwar, ya mayar da hannunsa cikin riga.

"Ba zan rantse ba. Ni na raɗa masa suna."