Ganyen Shayin Mardiyya

Tun da zazzaɓi ya zubar wa Mardiyya da gashi, kullum da hantsi takan zo teburin Makau mai shayi a bakin kasuwar Gummi. Ganyen da ya tace take karɓa, ta sake dafawa ta wanke kai da ruwan. Shi kuwa bayan gaisuwa bai taɓa iya ce mata komai ba.

Yau da ta miƙo kwanon, sai ya ga goro a ciki.

"Goron mi?" ya tambaya.

"Na ɗaurin aurena. Bukkuyum za a kai ni."

Makau ya daɗe yana kallon goron kafin ya ce, "Ni kau jira nake gashinki ya fito in yi magana, kada ki ce don tausayi na zo."

Ta ɗago ido, ta gyara hijabinta. "Ta ina za ka gani? Gashi ya fito tun bara, Makau. Ganyen a gindin dalbejiyar Inna nake zubawa."

Ta juya ta tafi, ta bar masa kwanon.