Barkonon Hajjo a Kan Farantan Sola

Ni na riga kowa hango wannan masifar, kuma na faɗa. Ban taɓa shiga aji ba, amma a idona aka buɗe masana'antun Challawa, a idona aka rufe su, ga ni nan da raina.

Da kamfanin jima ya durƙushe, mai shi ya bar wa unguwar ma'aikata farantan sola da baturansu. Kai, an sha daɗi! NEPA ta kawo ko ta ɗauke, ba ruwan kowa. Famfo na zuba, layi fes da haske, firjin kyamis ɗin Yohanna sanyi ƙalau. Wuta har ta yi yawa, maƙwabta na zuwa cajin waya suna sa albarka.

A firjin nan ake ajiye allurar Gwadabe, tsohon ma'aikacin kamfanin, mai ciwon suga. Allura ce da ba ta jure zafi.

Matarsa Hajjo ce ke riƙe da gidan da sana'ar busasshen barkono, awaki kuwa sun hana ta sakat wajen shanya. Wata rana ta dubi farantan nan: ga faɗi, ga zafi, akuya ba ta kaiwa. Ta kifa turmi ta hau, ta baza barkononta. Ya bushe ƙayau. Ganin haka maƙwabtanta suka bi sahu: Rifkatu ta kawo tumatir, Aina'u ta kawo kuɓewa, har farantan suka rufe ruf.

Yohanna ya roƙe su su kwashe, ya ce rana ce abincin farantan. Hajjo ta yi dariya ta ce, "Haba Baban Tabita, ranar Allah ce barkonona zai shanye?" Sauran suka ce sai wadda ta fara ta sauke. Maza kuwa wucewa suke yi, kowa na cewa ba kayansa ba ne.

Fitilu suka dushe, famfo ya koma ɗiga, aka ce ai tsohon kaya aka bar mana. Firji ya mutu ana tsakiyar bazara. Yohanna ya riƙa sayo ƙanƙara, amma zafi ya fi ƙarfinta. Gwadabe yana ta yin allura, bai san ta lalace ba, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida.

A asibiti likita ya tambayi inda ake ajiye allurar. Da aka gaya masa, ya dubi Hajjo ya ce, "Baba, ai ruwa mai gidanki yake ta ɗura wa kansa."

Hajjo ta dawo da gudu ta share barkonon da hannunta, amma batura sun riga sun mutu. Gwadabe bai kwana biyu ba shi ma ya cika.

Jama'a, kayan da unguwa ke amfana da su amana ce a wuyan kowa. Wanda ya ɓata su don ƙaramin amfaninsa, gidansa ɓarnar za ta fara shiga.

Mai musu ya same ni a Challawa. Zan kama hannunsa in kai shi ƙofar Hajjo, in yana da zuciya ya tambaye ta da bakinsa.